Sabuwar Motar Ƙwanji ta Amurka: A Saya a Shekarar Farko ko a Dakata?

Motar ƙwanji, kamar yadda Amurkawa ke kiranta, mota ce mai ƙofa biyu da matsakaicin jiki, wadda aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma ana sayar da ita a kan kuɗin da mai albashi zai iya kaiwa idan ya dage. Galibi ana danganta asalinta da shekarar 1964, lokacin da injiniyoyin Pontiac, ƙarƙashin John DeLorean, suka ɗauki injin lita 6.4 na manyan motocinsu suka cusa shi a cikin Tempest, suka raɗa mata suna GTO. Kamfanin ya yi hasashen sayar da 5,000, sai ga shi ya sayar da fiye da 32,000. A watan Afrilun wannan shekarar Ford ta fito da Mustang, wadda aka sayi sama da 400,000 cikin wata goma sha biyu. Chevrolet ta mayar da martani da Camaro a 1966, Dodge ta kawo Charger, sannan Challenger. Masu bin ƙa'ida sau da ƙafa sukan ware Mustang da Camaro a wani aji na daban saboda ƙanƙantar jikinsu, amma kasuwa ta daɗe da haɗa su a rukuni guda.

Zamanin farko bai yi tsawo ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, su suka karya lagon waɗannan motoci. Sun farfaɗo sosai bayan shekarar 2005, inda Challenger ta dawo a 2008, Camaro kuma a 2009. Tun daga nan, duk lokacin da ɗaya daga cikin kamfanonin uku, Ford da Chevrolet da Dodge, ya sanar da sabon samfuri, tambaya guda ce ke tasowa a tsakanin masu sha'awa: a yi layi a saya tana fitowa, ko a bari ta shekara tukuna?

Mece ce shekarar farko?

Shekarar samfuri a Amurka ba ta tafiya daidai da kalanda. Motar da aka kira ta 2010 tana iya fitowa daga masana'anta tun a farkon 2009, kamar yadda ya faru da Camaro. Shekarar samfurin tana cikin lambar shasi mai harafi da alƙaluma 17, a gurbi na goma: A na nufin 2010, F na nufin 2015, R na nufin 2024. Wata da shekarar da aka haɗa motar kuwa suna kan wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko ginshiƙinta. Kamfani yakan yi wa samfuri gyaran fuska duk bayan shekara uku ko huɗu, ya kuma sake shi ɗungurungum bayan shekara shida zuwa goma. Shekarar farko ta irin wannan sabon zubi ita ce ake muhawara a kanta.

Dalilin tsoron ba camfi ba ne, lissafi ne. Kafin mota ta shiga kasuwa ana gwada ɗaruruwan irinta a zafin hamadar Arizona da sanyin arewacin Amurka da Kanada, ana kuma azabtar da su a filayen gwaji. Amma ɗaruruwa ba dubbai ba ne. A ɗauka, don misali kawai, akwai wani lahani da ke fitowa a mota ɗaya cikin 2,000. Zai iya ɓuya sarai a cikin motocin gwaji 200, amma da zarar an sayar da 80,000 sai a same shi a wajen mutum 40. Ga kuma ma'aikatan masana'anta da ke koyon sabon aiki, ga kamfanonin da ke kawo kayan haɗi suna daidaita injinansu, ga manhajar kwamfutar mota, wadda makanikai ke ce wa birenbos, da ba ta gama zama ba. Ƙorafin masu saye na farko shi ke komawa wa injiniyoyi, su kuma su riƙa gyara a kan layin haɗi ba tare da wata sanarwa ba. Na gaba idon na baya. Saboda haka ne mujallar Consumer Reports, wadda ke sayen motocin gwajinta da kuɗinta tana kuma tattara rahoton mambobinta duk shekara, ta daɗe tana ba da shawarar a guji sabon zubi a shekararsa ta farko.

Motar ƙwanji ta fi motar iyali fuskantar wannan matsala, domin ba a tuƙa ta a hankali. Mai ita zai taka totur har ƙasa, ya ƙona taya, ya shiga da ita filin tsere a ƙarshen mako. Raunin da zai iya shekara goma a ɓoye cikin motar kai yara makaranta, a nan wata uku ya ishe shi ya bayyana.

Mustang Shelby GT350 misali ce mai kyau. Ford ta haɗa guda 137 kacal na samfurin 2015, don haka 2016 ce shekararta ta farko a hannun jama'a. An tallata ta a matsayin motar filin tsere, mai injin lita 5.2 da ƙarfin doki 526. Sai dai biyu daga cikin nau'o'inta na wannan shekarar ba su zo da na'urar sanyaya man giya da na aksul ɗin baya ba. Waɗanda suka shiga fili da su suka tarar cewa da zarar giyabos ya ɗau zafi, kwamfuta na rage wa motar ƙarfi don ta kare kanta. Maganar ta kai kotu a 2017. A samfurin wannan shekarar kuwa Ford ta sanya na'urorin a kan kowace GT350. Wanda ya jira shekara guda ya sami a jikin motarsa abin da na farko ya je kotu a kansa.

Camaro ta 2010 ta zo da nata ƙananan matsaloli. An yi wa wasu daga cikin na farko masu injin V8 kiranye saboda wayar batir da ke iya gogar sitata. Amma tarihin wannan motar yana kuma nuna iyakar dabarar jira. A 2014 General Motors ta kira Camaro sama da rabin miliyan, tun daga samfurin 2010 har na 2014, saboda gwiwar direba na iya bugun makulli ta kashe injin ana cikin tafiya. Wanda ya yi haƙuri har shekara ta huɗu bai tsira daga wannan ba. Jira yana maganin kuskuren haɗi da na manhaja. Kuskuren da ke cikin ainihin zanen motar kan bi ta har ƙarshen zubinta.

Sabon jiki daban, sabon inji daban

A nan ne yawancin masu muhawarar ke yin kure. Shekarar da ke rubuce a takarda ba ta faɗin komai sai an duba abin da yake sabo a cikin motar. Challenger ta 2008 sabuwa ce fil a ido, amma shasinta na Chrysler 300 ne da Charger da aka gajarta, injinta na Hemi mai lita 6.1 ya riga ya yi shekaru yana aiki a waɗancan motocin, giyabos ɗinta mai hawa biyar kuma tsohon zanen Mercedes-Benz ne. Wanda ya saye ta bai yi wata caca mai yawa ba ta fuskar inji. Haka Mustang ta 2024, wadda aka gina a kan tushen ta 2015, da injin lita 5.0 da aka sani da giyabos mai hawa goma da ke aiki tun 2018. Sabon abu a cikinta ya fi yawa a bodi da allunan dashbod.

Akasin haka ya faru da Mustang ta 2011. Daga waje kusan ba ta da bambanci da ta 2010, don haka mai ƙidayar shekaru zai ce ai shekara ta biyu ce, an wuce haɗari. Alhali a cikinta komai sabo ne: injina biyu sababbi da sabon giyabos na hannu mai hawa shida, MT82. Ƙorafi ya yi yawa a kan wahalar shigar giya, musamman da sanyi, har hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a 2011, ko da yake ta rufe shi ba tare da ta ba da umarnin kiranye ba. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne shekara nawa injin ya yi a kan titi, shekara nawa giyabos ya yi, kuma a wace mota aka fara gwada su. Sabon bodi a kan tsofaffin kayan ciki ya fi aminci a kan tsohon bodi mai sababbin kayan ciki.

Kariyar da doka ta tanada

Mai sayen sabuwar mota a Amurka ba a sake yake ba. Ford da Chevrolet da Dodge duk suna ba da garantin shekara uku ko mil 36,000, kimanin kilomita 58,000, a kan motar baki ɗaya, da shekara biyar ko mil 60,000 a kan inji da giyabos. Idan lahanin ya shafi lafiyar rayuka, doka ta tilasta wa kamfani yin kiranye da gyara kyauta. Akwai kuma takardun sanarwar gyara da kamfani ke aika wa garejin dilolinsa a kan matsalolin da ba su kai na kiranye ba. Waɗannan kyauta ne muddin garanti bai ƙare ba, bayan nan mai mota ne ke biya. A matakin jihohi, tun daga Connecticut a 1982, an yi dokokin da ke sa kamfani ya karɓi motarsa ya mayar da kuɗi ko ya ba da wata, idan an yi ta gyara lahani guda ya ƙi gyaruwa.

Garanti yana biyan kuɗin gyara, amma ba ya biyan makonnin da mota za ta yi a gareji tana jiran wani ƙarfe da masana'anta ba ta da rararsa, abin da ya fi faruwa a watannin farko domin duk abin da aka ƙera layin haɗi ke cinye shi. Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da masu irin wannan mota. Da yawansu ba sa barin ta yadda ta zo: a sauya salansa, a taɓa manhajar kwamfuta don ƙarin ƙarfi. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti ɗungurungum don kawai an sa kayan wani kamfani, amma tana barin sa ya ƙi biyan ɓarnar da sauyin ya jawo. Mai niyyar taɓa injin sabon zubi yana zubar da kariyarsa ne a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Asarar da ba ta zuwa gareji

A tarihin motocin ƙwanji, abin da ya fi cin masu sayen farko ba lalacewa ba ne. Abin da ya fi cin su shi ne kamfani ya fito da wadda ta fi tasu bayan wata goma sha biyu, kuma kusan a kan kuɗi ɗaya. Gasar da ke tsakanin kamfanonin uku ta ƙarfin doki ce, kuma kowa na ajiye wani makami a aljihu don shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da ɗokin sabon jiki ya fara sanyi.

Babu misalin da ya kai na Mustang. Ta 2010 ta zo da sabon bodi, amma da tsohon injin lita 4.6 mai ƙarfin doki 315. Shekara guda bayan haka GT ta koma lita 5.0 da ƙarfin doki 412. Ƙaramar mai silinda shida ta tashi daga 210 zuwa 305, wato mafi arhar Mustang ta 2011 ta kusa kamo GT ɗin da aka saya da tsada a bara. Har yau kasuwar motocin hannu ba ta manta ba, tazarar farashi tsakanin GT ta 2010 da ta 2011 ta fi ta shekara guda nesa ba kusa ba. Pontiac ta yi irin wannan da GTO ɗin da ta farfaɗo da ita daga Holden Monaro ta Ostareliya: ta 2004 na da lita 5.7 da doki 350, ta 2005 ta zo da lita 6.0 da doki 400. Challenger ta 2008 atomatik ce zalla, mai son giyar hannu sai a 2009 ya samu. A 2011 babban injinta ya koma lita 6.4 da doki 470, a 2015 aka sake cikinta gaba ɗaya, aka kawo giyabos mai hawa takwas da Hellcat mai doki 707. Ko Camaro ta 2010, wadda ta fi Mustang ciniki a wannan shekarar, sai a 2012 aka sauya mata sitiyarin da masu sharhi suka yi ta kushewa, ƙaramin injinta kuma ya tashi daga 304 zuwa 323.

Wani lokacin gyaran na fuska ne kawai. Gaban Camaro SS ta 2019 ya sha suka har Chevrolet ta sake shi a 2020, ta bar masu ta 2019 da fuskar da kamfanin da kansa ya janye.

Farashi

Tun 1958 doka ta wajabta manna wa kowace sabuwar mota takardar farashin da kamfani ya ba da shawara, takardar da ake kira da sunan Sanata Mike Monroney. Shawara ce kawai. Dila ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kuma idan mota na tashe yakan manna tasa takardar a gefe da ƙarin dubban daloli. Lokacin da Hellcat ta fito a kan dala 59,995, buƙata ta yi yawa har Dodge ta dakatar da karɓar oda a 2015. Da za ta fito da Challenger Demon ta 2018, guda 3,300 kacal a kan dala 84,995, sai ta sanar cewa odar da aka sayar a farashin takarda ko ƙasa da shi ita za a fara haɗawa, don ta rage wa diloli zari.

Ƙarin dila kuɗi ne da ba ya dawowa. Bankin da zai ba da rance da kamfanin inshora duk darajar motar suke kallo, ba abin da mai ita ya biya ba. Idan aka haɗa wannan da faɗuwar daraja, wadda ta fi tsanani a shekarun farko na kowace sabuwar mota, mai saye da bashi zai iya wayar gari bashin da ke kansa ya fi kuɗin motar. Bayan shekara guda ko biyu lamarin kan juya: motoci sun cika filin dila, kamfani na ba da rangwame da rance mai sauƙin ruwa.

Masu sayen farko sukan kafa hujja da cewa samfurin farko shi zai yi daraja wajen masu tara tsofaffin motoci. Tarihi bai goyi bayan wannan sosai ba. Camaro ta 1969 ta fi ta 1967 farin jini, Charger ta 1968 zuwa 1970 ta fi ta 1966 nesa. Challenger ta 1970 tana da daraja, gaskiya ne, amma saboda ta faɗo a ƙarshen zamanin manyan injina. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin adadi da girman inji. An sayi Shelby GT500 ta 2020 mai lamba ta ɗaya a kan dala miliyan 1.1 a gwanjon Barrett-Jackson, amma wannan mota guda ce, kuma kuɗin na taimakon jinƙai ne. Ta dubu ashirin a layin haɗi mota ce kamar kowace.

Inda saurin ke da hujja

Jira ma yana da nasa farashi. Kowace shekara akwai wadda ta fi ta bara, don haka mai jiran mafi kyau ba zai taɓa saye ba, kuma shekarar da mutum ya yi yana jin daɗin motar da babu irinta a unguwa ita ce ainihin abin da wasu ke biya, sun kuma san haka. Nau'o'in da aka ƙayyade adadinsu ba sa jiran kowa: Demon ta 2018 shekara guda aka yi ta. Sannan ajin kansa yana ƙanƙancewa. A Disambar 2023 aka rufe haɗa Camaro a Lansing da Challenger a Brampton ta Kanada, aka bar Mustang ita kaɗai da silinda takwas a wancan lokacin.

Magajiyar Challenger, Charger Daytona ta 2024, ta zo da lantarki zalla, da ƙarfin doki 670 a babban nau'inta da na'urar da ke kwaikwayon rurin inji. A nan komai sabo ne lokaci guda: shasi, batir, manhaja, har da nau'in masu sayen da ake fata. Kasuwa ba ta karɓe ta yadda aka so ba, diloli suka shiga rage kuɗi, Dodge ta janye ƙaramin nau'in R/T na lantarki, ta kuma kawo mai injin fetur na silinda shida da doki 550. Duk haɗuran shekarar farko sun taru a mota guda.

Wanda ya ƙudurta sai ya sayi sabon zubi yana iya rage haɗarin. Motar da aka haɗa wata shida ko takwas bayan fara aiki ta riga ta sami gyare-gyaren farko, kuma takardar jikin ƙofa ce ke nuna hakan. Yin oda kai-tsaye daga masana'anta da rubutacciyar yarjejeniyar farashi ya fi ɗaukar wadda ke filin dila da ƙari a kanta. Haya ta shekara biyu ko uku tana mayar da asarar darajar da ta wuce hasashe kan kamfanin da ya ba da hayar.

Ga mai shigo da irin wannan mota Afirka ta Yamma ta tashar Legas ko Kwatano, lissafin ya fi karkata ga samfuran baya. Garantin Amurka da gyaran kiranye kyauta a garejin dilolin can ake cin moriyarsu, don haka duk lahanin shekarar farko da tsohon mai ita bai gyara ba yana tsallako teku tare da motar, kuma kayan gyaransa sai an yi oda. Shafin intanet na NHTSA yana nuna kiranyen da ba a kammala ba idan aka shigar da lambar shasi, kuma ana iya dubawa tun motar ba ta hau jirgi ba.